Allin Mansura a Kan Baƙin Yadi

Duk wanda ya san bakin tashar Tsafe ya san shagon Malam Bawa Tela, wani ɗan ɗaki mai ƙofar langa-langa da ke tsakanin mai sayar da igiya da mai gyaran rediyo. Shi ba haifaffen Tsafe ba ne. A Wanke aka yanke masa cibi, ɗa na huɗu ga wani manomi da ake kira Labbo, kuma ba don ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana ɗan shekara biyar ba, da a gona zai ƙare kamar 'yan'uwansa. Da uban ya ga yaron ba zai iya riƙe galma ya bi kunya ba, sai ya ɗauke shi ya kai shi Gusau wurin wani tela a tsohuwar kasuwa, ya ce tunda ƙafa guda ta rage, a koya mata taka keke.

Shekara tara ya yi a can. Ya fara da guga da ɗinka maɓalli, ya wuce kalmasa, sai daga baya aka amince masa da almakashi. Da ya auri Hanatu, 'yar Tsafe, kawunta ya ba shi aron ɗakin bakin tashar, ya dawo garin da zama. Cikin 'yan shekaru sunansa ya kai ƙauyuka. Ana cewa in Bawa ya dube ka sau ɗaya ya gama awonka, tef ɗin da ke wuyansa don kwantar da hankalin mai kaya ne kawai. Ana kuma yabonsa da abin da ba a cika samu wurin teloli ba: in ya ce Laraba, to Laraba ce, ko da jajibirin Salla ne. Da wannan keken ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya biyu, ya kai autarsu Safiya har ta zama malamar firamare a Gusau.

Sannu a hankali abubuwa suka fara juya masa baya. Hanyoyin ƙauye suka daina biyuwa saboda 'yan bindiga, mutanen da ke kawo masa shadda bayan sun sayar da amfanin gona suka ragu, wasu ma suka watse. 'Yan'uwansa biyu suka bar Wanke suka koma raɓe a Gusau. Samarin gari kuwa sai suka koma wurin sababbin teloli masu keken lantarki, waɗanda ke ɗauko zane daga waya. Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya same shi yana da shekara hamsin da shida. Yanar ido ce ta fara rufe masa na hagu, bayan shekara guda ta taɓa na dama. Duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta cikin hayaƙin murhu.

Hanatu kaɗai ta sani. Ya hana ta faɗa wa ko 'ya'yansu, domin a gari irin Tsafe, ranar da aka ce tela ba ya gani ranar ya tashi daga aiki. Asibiti kuma tsoronta yake, tun da ya ga wani maƙwabcinsa da mai maganin gargajiya ya taɓa wa ido ya makance gaba ɗaya. A wurinsa duk mai taɓa ido ɗaya ne. Sai ya shiga dabaru. Ya jawo keken bakin ƙofa inda haske yake. Ya daina karɓar baƙin yadi, yana cewa aiki ya yi masa yawa. Kowace safiya Hanatu na zura masa zare a allurai goma ta soke a wani tsumma, shi kuma ya koya wa yatsunsa gane fuskar shadda da bayanta. Shekara uku ya yi a haka babu wanda ya gane.

Safiya ce ta ba da sunansa, ba ta ko yi shawara da shi ba. Wata tashar talabijin mai zaman kanta a Gusau ta shirya gasar ɗinki da ta sa wa suna Gwanin Almakashi, aka zaɓi teloli goma sha biyu daga Gusau da Tsafe da Bungudu. Ranar Asabar da safe ake ɗauka, a nuna ranar Talata, kowane mako a sallami mutum ɗaya ko biyu. Wanda ya yi saura zai tafi da keken surfani na lantarki. Da Safiya ta kira shi tana murna an ɗauke shi, ya yi niyyar ƙi. Hanatu ma ta ce ya ƙi. Amma ya tuna da bencin shagonsa da ke yini babu kowa a kai, ya ga ko bai ci keken ba, in aka gan shi a talabijin mutane za su tuna yana nan.

Ranar farko mai gabatar da shirin, wani matashi mai fara'a da ake kira Sabiru, ya karanto musu dokoki. Ba a shiga da waya, ba a shiga da yadi ko zare daga waje, awa uku ne lokacin aiki, ba a magana da juna, kuma babu mai taɓa yadi ko keken wani. Wanda ya taɓa ya fita ke nan. Aka maƙala wa kowa wani ɗan makirufo kamar ƙwayar gyaɗa a wuyan riga. Zauren kuwa an cika shi da manyan fitilu, hasken da Bawa ya daɗe bai samu irinsa ba, har ya ji kamar an mayar masa da shekara goma.

Gwajin farko kamar don shi aka yi shi: aka shigo da maza goma sha biyu, aka ƙwace tef a hannun kowa, aka ce a ɗinka musu kaftani da awon ido. Na Bawa ya zauna wa mai shi kamar a jikinsa aka yanka. Shugabar alƙalai, Hajiya Wasila, mace mai makarantar koyar da ɗinki wadda ba ta cika yabo ba, ta juya rigar ciki da waje ba ta sami abin cewa ba. Daga wannan mako masu kallo suka sa masa Baba Tela, suka kuma ɗauke shi nasu.

Teburin da ke kusa da nasa na Mansura ne, 'yar Nahuce da ke aure a Bungudu, mai kimanin shekara ashirin da shida. A cikin gida take ɗinki, matan unguwa da amare ke kai mata. Hannunta na da sauri, kanta kuma na kawo abin da ba a zata ba. Makon da aka zube musu buhunan taki aka ce a yi tufa da su, Bawa ya yi falmaran mai kyau dai, amma ita sai ta wanke buhunan, ta yi musu shafi da ƙyalle, ta fitar da rigar ruwa mai hula wadda manomi zai sa ya yi shuka ana yayyafi. Ita ta zo ta ɗaya. Kullum in sun haɗu sai ta rusuna ta gaishe shi, ta karɓi ledarsa ta kai masa teburi. Shi yana ce mata ɗiyata, ita tana ce masa Baba.

A mako na biyar mutum biyar suka rage. Hajiya Wasila ta sa aka ajiye wa kowa yadi baƙi wuluk da zare baƙi, ta ce abaya take so mai ado a ƙirji, adon da ba a gani sai haske ya doke shi. Ta ƙara da cewa yadin yana da fuska da baya, bambancinsu kaɗan ne, kuma duk wanda ya juya ko hannu ɗaya ya faɗi. Bawa ya shimfiɗa nasa ya ga kamar ya leƙa rijiya. Ya shafa da yatsu, yadin wani mai santsi ne ɗan waje da bai taɓa aiki da irinsa ba, ko'ina ɗaya yake a hannu. Ya dai yi yankan da ƙiyasi, gaba da baya da hannuwa biyu, amma da ya zo haɗawa ya rasa inda zai sa gaba. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan. Kekunan sauran huɗun na ta ruri, nasa shiru. Da aka sanar saura awa biyu, sai ya sunkuya kamar zai gyara takalminsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, don Allah, ina fuskar yadin ga?"

Mansura ba ta waiwayo ba, har ya ɗauka ba ta ji ba. Can sai ta tashi da nata yadin za ta teburin guga. Da ta zo gifta shi ta ɗan tsaya, ta ja farin alli a bayan kowane yanki na yadinsa, layi huɗu, ta wuce. Farin ya fito masa sarai. Ya hau keke ya gama abayar minti kaɗan kafin lokaci. Adon bai yi wani armashi ba, amma babu inda ya juya.

Da aka zo hukunci, kafin a duba ɗinki, Sabiru ya ce akwai abin da za a nuna. Aka kunna babban allon da ke bango, sai ga Mansura tana miƙa hannu kan teburin Bawa, an rage saurin hoton, an maimaita sau uku. Sabiru ya tambaye ta ko ta taɓa yadin Baba, ta ce ta taɓa. Ya tambaye ta dalili, sai ta dubi inda Bawa yake ta sunkuyar da kai. Sabiru ya juyo wurinsa, kyamarori biyu suka biyo shi.

"Baba, kai ka sa ta?"

Abin da ya zo wa Bawa a lokacin shi ne teburin mai shayin bakin tasha, inda mutanen Tsafe ke cika ranar Talata suna kallonsa a talabijin. In ya ce shi ya sa ta, tambaya ta gaba ita ce don me, kuma amsarta ɗaya ce. Ya kawar da kai daga inda Mansura take. Ya ji muryarsa ta fita kamar ta wani.

"Ban sa ta ba."

Hajiya Wasila ta ce doka doka ce, ko da wace niyya aka karya ta, Mansura ta fita daga gasar. Hajiya a nan ta tsaya. Sabiru ne ya fuskanci kyamara ya ce masu kallo su yi wa kansu hukunci, me zai sa mai neman keke ta zana wa dattijo alli a inda bai sa ba, in ba so take ya ɓata aikinsa ba. Mansura ta ninke abayarta, wadda duk zauren an san ta fi ta kowa, ta ajiye a kan teburi. Ta ɗauki almakashinta, ta zo ta rusuna gaban Bawa kamar kullum ta ce, "Baba, a sauka lafiya." Ta juya ta fita.

Kwana biyu yana juya tuwo a kwano yana mayarwa kafin ya faɗa wa Hanatu. Ta ce, "Malam, ɗiyar mutane ce fa." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake ta da maganar ba, amma ya ga yadda take ajiye masa ruwan alwala ba ta dubansa.

Ranar Talata aka nuna shirin. Kafin Alhamis guntun hoton ya shiga wayoyi, an ɗora masa rubutu iri-iri, mai ha'inci, mara tarbiyya, mai cutar tsoho. Shagon Bawa ya cika. Mutane na zuwa yi masa jaje, suna zagin yarinyar a gabansa, suna cewa Allah ne ya kare shi saboda gaskiyarsa. Masu kawo ɗinki suka dawo, har da waɗanda suka shekara biyar ba su leƙo ba, shadda ta taru a kan benci har ta kai taga. Yana karɓa yana godiya. Ranar Juma'a Safiya ta kira, cikin hira ta ce wata malama 'yar Bungudu ta ba su labari amare biyu sun je sun kwashe kayansu daga wurin Mansura, mijinta kuma, wani ɗan kabu-kabu mai suna Mannir, ya yi dambe da abokin sana'arsa a kan maganar. Safiya ta ce ai alhakin Baba ne ya kama ta. Bawa ya ce mata ana kiran salla, ya kashe wayar.

Ranar Asabar ya shiga motar farko, ya isa zauren kafin kowa, ya sami Sabiru shi kaɗai yana jera kujeru. Ya faɗa masa komai, har da idon. Sabiru bai nuna mamaki ba. Ya jawo wata na'ura, ya sa wa Bawa abin ji a kunne, sai ga muryarsa tana raɗa, tana tambayar fuskar yadi, kowace kalma a fili.

"Tun ranar mun ji, Baba," in ji Sabiru. "Shi ya sa na tambaye ka a gaban kowa. Da ka ce kai ne, da ku biyu za ku fita. Kai ka zaɓa."

Bawa ya tambaye shi, tunda sun san gaskiya, me ya sa ya faɗi abin da ya faɗa a kan yarinyar. Sabiru ya ce shi bai ce ta yi ba, tambaya ya yi, kuma shirin bai taɓa samun masu kallo kamar na wannan makon ba. Ya ce in Baba na son ya yi bayani, a bari sai ranar ƙarshe, za a shirya masa wuri mai kyau, ko a gayyato ita Mansurar su yafi juna a gaban kyamara. Ranar ƙarshen saura mako uku. Bawa ya cire abin da ke kunnensa ya ajiye, ya ɗauki sandarsa ya fita. A shirin Talata aka ce rashin lafiya ce ta sa Baba Tela ya janye.

Daga zauren bai koma Tsafe ba, tashar Bungudu ya nufa. A can aka nuna masa gidan Mansura, aka ce ta kwana huɗu a wurin mahaifinta, ta gaji da masu leƙe. Mannir, da ya gane ko wane ne, ya tsaya yana dubansa kamar zai yi wani abu, sannan ya ce ya hau babur. Ya kai shi har Nahuce. Lokacin kaka ne, ana ta ɗaurin gero, aka kira mahaifin, Malam Umar, daga gona. Ya shimfiɗa wa baƙo tabarma a zaure, aka kawo fura, Bawa bai taɓa ba. Ya fara tun daga ranar da yanar ido ta soma masa har zuwa abin da ya ji a kunnensa da safe. Malam Umar ya saurara yana karkaɗe ƙaiƙayi daga hannun rigarsa, da aka gama ya aika a kira ta. Ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida ta gaishe su.

"Tun mako na biyu na san ba ka gani, Baba," ta ce. "Na ga yadda kake laluben takalmi in an fito salla, haka kakata ta yi. Da ka ce ba ka sa ni ba, na ce tsoro ne, gobe zai gyara. Kwana bakwai ina jira."

Ya ce ba shi da abin cewa sai roƙon gafara. Ta ce ta yafe don Allah, amma ya sani ba ita kaɗai aka zaga ba, an zagi mahaifiyarta da ke kabari, an ce ita ta koya mata. Daga nan ta juya ciki. Malam Umar ya ce shi manomi ne, bai san talabijin ba, amma ya san maganar da aka yi gaban dubu ba ta gyaruwa a zaure. Bawa ya ce gaskiya ne. Ya roƙi Mannir ya fito da wayarsa. A nan ƙofar gida, da rana tsaka, maƙwabta na tsaye, ya faɗi sunansa da garinsa, ya ce shekara uku ke nan idonsa na da yana, shi ya roƙi yarinyar ta nuna masa fuskar yadi, kuma ƙarya ya yi da ya ce bai sa ta ba. Mannir ya tura wa duk wanda yake da lambarsa.

Wannan hoton bai yi tafiyar na farko ba. Da yawa daga waɗanda suka ga ana zagin Mansura ba su taɓa ganin Bawa yana wanke ta ba, tashar talabijin ɗin kuma ba ta ce uffan ba har aka gama gasar, wani tela ɗan Gusau ya tafi da keken. Amma a Tsafe babu wanda bai gani ba. Cikin mako biyu shaddar da ke kan benci ta koma hannun masu ita. Wasu sun zo da kunya suna cewa tafiya ce ta taso, wasu ko sallama ba su yi ba. Wani Alhaji da Bawa ya yi wa ɗinki shekara goma sha biyar ya fito da rigunansa na shekarun nan yana duba kalmasa a rana, yana nuna wa mutane inda ya ce ta karkace. Mai shayi ya ce shi ba makantar ta dame shi ba, ƙaryar ce.

Safiya ta zo ta yi kuka, rabin kukan na idon da aka ɓoye mata, rabi na abin da ta faɗa a waya. Ba ta koma ba sai da ta tasa shi gaba zuwa asibiti a Gusau. Aka yi wa idon dama aiki ya buɗe, ba kamar da ba amma yana zura allura da kansa. Na hagun likita ya ce an makara, akwai wani ciwon bayan yanar.

Idon ya dawo, masu manyan riguna ba su dawo ba. Yanzu Malam Bawa na nan a shagon, yana ɗinka kayan makaranta da rigunan katifa, yana yi wa direbobi faci. Yana da shekara sittin da ɗaya. Mansura ma tana nan Bungudu tana ɗinkinta. Wasu matan sun koma mata, wasu har yau in an ambace ta sai su ce ai ita ce mai allin nan, in aka ce musu tsohon ya fito ya wanke ta, su ce ba su ji wannan ba.

Sau ɗaya suka sake haɗuwa, bara, a layin 'yan yadi na kasuwar Gusau. Ita ta fara ganinsa. Ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi idon, ya ce da sauƙi. Ta ce madalla. Ya so ya tambaye ta aiki, ya so ya ce wani abu kuma, amma tana riƙe da ƙullin atamfa, mai a-daidaita na jiranta, ta ce sai wani jiƙon ta shiga. Da ya koma gida ya ba Hanatu labari, ta tambaye shi ko fuskarta a sake take. Ya ce ta ɓangaren hagu ta tsaya masa, ba zai iya rantsuwa ba.